Waful a gidan mutum takwas a Birnin Kebbi

Gidan da za a yi magana a kansa yana unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, kuma mutum takwas ke cin tukunya ɗaya a cikinsa: maigida, ma'aikacin gwamnatin jiha, matarsa, malamar firamare, 'ya'yansu huɗu, na ƙarshen yana goye, bai kai shekara ba, ƙanwar maigidan mai karatu a kwaleji, sai tsohuwa, mahaifiyar maigidan, wadda babba da yaro ke kira Inna. Kalacin safe bai taɓa zama abin tunani a gidan ba. Koko ne ko kunun tsamiya, a aiki yaro bakin layi ya sayo ƙosai. In wata ya yi nisa a ɗumama tuwon jiya, in an ga albashi a sha shayi da burodi.

Ƙanwar malamar ce ta zo hutu daga Abuja da tsarabar injin waful mai aiki da lantarki, irin mai murfi da ƙaramar fitila a sama, yana gasa guda ɗaya a lokaci ɗaya. Yaran sun daɗe suna ganin waful ɗin, wato gasasshen ƙullun fulawa da ƙwai mai ramuka-ramuka, a waya, an jera shi a faranti ana kwarara masa ruwan zaƙi, don haka ranar da aka buɗe kwalin sai da uwar ta yi musu alkawari. Alkawarin ne ya ja ta cikin watanni na ɓarnar fulawa da ƙwai. Ni ina koyar da girki a wata cibiyar koya wa mata sana'a, ta nan maganar ta iso gare ni, kuma na bi ta har inda ta tsaya.

Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, injin da takardar girkin da ke cikin kwalinsa an yi su ne don wani irin gida daban: gidan mutum biyu ko uku, mai firji, wanda wuta ba ta yi masa wasa. Waful bai samu gindin zama a gidan malamar ba sai da aka ɗauke shi daga wancan tsari aka ɗora shi kan tsarin da matan Kabi suka gada na tuyar masa.

Abincin tsoho ne a Turai. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ake zuba ƙullu tsakanin ƙarfe biyu masu dogayen mariƙai a gasa kan garwashi, a Faransa da Beljiyam da Holan. Beljiyam ce ta fi yin suna da shi, kuma iri biyu gare ta: na birnin Burasel marar nauyi mai zurfin ramuka, da na birnin Liyej mai kwaɓi mai kauri da ake cusa wa ƙwayoyin sukari su narke su yi ja a jikin ƙarfe. A Amurka, wani Cornelius Swartwout na garin Troy a jihar Niyok ya yi rajistar ƙarfen waful na kan murhu ranar 24 ga Agusta 1869. Na lantarki bai zo ba sai farkon ƙarni na 20, kuma baje kolin duniya da aka yi a Niyok a 1964 ne ya yaɗa irin na Beljiyam a Amurka. Ita kanta bakin hoda, wato hodar da ke sa ƙullu ya tashi, sai a 1843 wani Bature mai haɗa magunguna, Alfred Bird, ya haɗa ta a Bamingam ta Ingila. Ke nan mafi yawan tarihin waful a kan wutar itace da gawayi aka yi shi, da ƙullun da babu hoda a cikinsa. Lantarki da bakin hoda baƙi ne a cikin zancen. Malamar ba ta san haka ba, kuma babu abin da ke jikin kwalin da zai gaya mata.

Wutar da ba ta isa ba

A ƙasan injin an rubuta wat 1,000. Janareton gidan ƙarami ne, irin wanda ake cakuɗa wa fetur da baƙin mai, kuma irinsa abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 650 ba. Da aka jona injin sai ya yi gurnani ya mutu. Akwai sola a gidan, amma batir ɗaya ne mai bolt 12 da amfiya 200. A lissafi yana riƙe da abin da ya kai wat 2,400 na awa ɗaya, sai dai irin wannan batir rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe. Gashin safiya guda zai lashe mafi yawan wannan rabin. Maigida bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce mata, “Malama, ki zaɓa, ko wannan abu naki da safe ko fanka da dare.” A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ba wanda zai zaɓi waful.

Saura wutar gari. Takan zo, amma ba ta da alkawari da ƙarfe shida na safe, kuma sau da yawa in ta zo ba ta da ƙarfi. A nan ne aka fi cutar malamar, domin injin yakan kunna fitilarsa kamar komai lafiya. Na'urar da ke ɗumama ƙarfe ba ta raguwa daidai da raguwar wuta, ninkin raguwar take yi. Injin da aka yi wa bolt 230, in wuta ta sauko bolt 160, zafin da zai bayar kusan rabi ne. Fanka za ta juya a hankali a gane, ƙwan fitila zai dushe a gane, amma ƙarfen da ke rufe ba wanda ke ganin cikinsa.

Waful kuwa da zafi mai ƙarfi yake rayuwa. Da ƙullu ya taɓa ƙarfe mai zafin digiri 180 zuwa 200, ruwan da ke fuskarsa ya zama tururi nan take, tururin ya ɗaga cikin, fuskar ta bushe, sannan ta fara ja. Jan nan da ƙamshin da ke tafe da shi ba sa farawa sosai sai fuskar ta wuce digiri 140. In ƙarfen bai kai ba, ƙullun turara yake yi a cikin ruwansa. Abin da malamar ta riƙa samu ke nan: fari fat, mai danƙo, in ta ɗaga murfi ya rabu biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Ta ɗauka hannunta ne. Ta sauya fulawa, ta ƙara ƙwai, ta rage ruwa, duk a banza, domin laifin na soket ne.

Ko da wuta ta tsaya da ƙafarta, akwai lissafin da ba wanda ya yi tun farko. Kowane waful yana cin minti biyar. Masu ci mutum bakwai ne, kowa biyu, sha huɗu ke nan, minti saba'in tsaye gaban inji. Malama ce da ake jiran ta a makaranta kafin takwas, ga yara uku da za a shirya, ga na goye. Tandar masa tana da gurabe da yawa, zubi ɗaya ya ciyar da mutum biyu ko uku. Injin gurbi ɗaya gare shi. A ganina wannan lissafin kaɗai ya isa ya fitar da waful daga ranakun boko, kuma malamar ta yarda da haka tun kafin a gyara sauran. Aka mayar da shi na Asabar.

Ƙullun

Nan ne maganar ta fi tsawo, domin kurakurai uku ne suka hau kan juna. Takardar kwalin ta ce kofi biyu na fulawa, ƙwai biyu, madara kusan kofi biyu, rabin kofi na mai ko bota, sukari kaɗan, gishiri, da bakin hoda babban cokali. Malamar ta ga rabin kofin mai ta ce almubazzaranci ne, ta mayar da shi cokali biyu. Ba ta yi laifi da ta ji ciwon kuɗin man gyaɗa ba, amma man da ke cikin ƙullun waful ba ado ba ne. Shi ke soya fuskar daga ciki, shi ke sa ta saki ƙarfe. Fanke a cikin mai yake iyo, masa ana zuba mata mai a gurbi, waful kuwa mansa a jikinsa yake.

Na biyu, ta riƙa buga ƙullun da ƙarfinta har ya yi sumul, yadda ake yi wa funkaso. Alkama tana da wani sinadari, gulutin, wanda in ya haɗu da ruwa aka yi ta bugu sai ya miƙe ya yi danƙo. Mai funkaso danƙon take nema, shi ya sa take bugu har kafaɗa ta gaji. Mai waful gudunsa take. Juyawa kaɗan ta isa, ko da an bar 'yan gudaji.

Na uku, bakin hodar. Irin wadda ake ƙullawa a leda a kasuwa ce, ba a san yaushe aka buɗe gwangwaninta ba, kuma ta sha damina a kan kanta. Gwajinta ba wuya: a zuba rabin ƙaramin cokali cikin ruwan zafi, in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru ta mutu. Tata da ƙyar ta motsa. Ga shi kuma, don ta rage aikin safe, takan kwaɓa komai tun dare har da hodar da ƙwan. Hoda tana fara aiki da zarar ta jiƙe, kafin safiya ƙarfinta ya tafi. Ƙwai ɗanye kuma a cikin ƙullu, a ɗakin girkin da ba firji, dare guda cur a zafin Kabi, wannan kasada ce da cikin yara. Shi na fara hana ta.

Inna ce ta warware. Tun farko ba ta shiga zancen ba, kallo kawai take daga tabarmarta tana shan kununta. Wata Asabar ta karɓi guda ta juya shi a hannu, ta leƙa ramukan, ta ce, “Ke ɗiyata, wanga abu ai masa ta, ɗakuna kawai anka yi mata. Ki sa shinkafa, ki bar ƙullun shi kwana.”

“Inna, takardar ba ta ce a kwana da shi ba.”

“Mai takardar ya taɓa tuya a garin ga?”

Da malamar ta kawo mini wannan magana tana dariya, na ce mata tsohuwa ta fi takardar gaskiya, kuma ba ta nesa da yadda mutanen Beljiyam suka yi nasu kafin a san hoda. Yis ba ya gudun jira, jiran ne ma abincinsa. A cikin dare yana cin sitaci yana fitar da iska, ƙullun ya cika da ƙananan kumfa, ya yi ɗan tsami mai daɗi. Garin shinkafa kuma ba shi da gulutin ko kaɗan, kuma in ya gasu ya fi fulawa ƙaras-ƙaras, yana kuma daɗewa bai yi laushi ba. Da shinkafa zalla waful zai riƙa karyewa wajen cirewa, da fulawa zalla zai yi saurin saki. Rabi da rabi ne ya zauna.

Ga yadda kwaɓin ya tsaya a gidan. Bayan sallar isha'i ana haɗa kofi ɗaya na fulawa da kofi ɗaya na garin shinkafa, rabin ƙaramin cokali na yis, babban cokali ɗaya na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kofi ɗaya na kindirmo, ruwa kusan kofi, da sulusin kofi na man gyaɗa. A juya sama-sama a rufe da faifai, a cikin kwano babba domin zai ninka. Da safe ne ake fasa ƙwai biyu a ciki, a ɗiga ruwan kanwa kaɗan. Kaurinsa ya ɗan fi na ƙullun masa, yana zuba daga ludayi amma ba ya gudu. Wannan awo yana ba da kamar guda shida zuwa bakwai, don haka ninkawa take yi.

Kanwar dabara ce ta masu masa. Tana kashe tsamin da ya yi yawa, tana haɗuwa da tsamin kindirmo ta ƙara tashi, kuma tana sa fuska ta yi ja da wuri. Sai dai in hannu ya zarce, waful ya yi rawaya ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Ungurnu ake jiƙawa a tace, a zuba ƙaramin cokali ɗaya a ɗanɗana kafin a ƙara. Wadda ke da bakin soda, kwatan ƙaramin cokali zai yi aikin.

Shinkafar ma ba kowace ba. Kebbi ƙasar shinkafa ce, daga fadamun Argungu har Suru da Yawuri. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015, kuma a 2016 jihar ta haɗa hannu da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice. Amma yawancin wadda ke cika kasuwa turarriya ce, wadda aka dafa da ɓawonta kafin a sheme. Garinta yana shan ruwa da yawa, ƙullun ya yi nauyi ya yi yauƙi. Shinkafar tuwo ake so, fara, ɗanya. Kuma tunda niƙawa za a yi, ba dalilin sayen mai tsawon ƙwaya. Karyayyiya ta wadatar, ga ta da sauƙin kuɗi. Gidan ma ba sa saye, ƙanin maigida na noma a wajen Argungu yana aiko musu.

Wani abu ƙarami da ya ɓata Asabar guda: an kai niƙa injin da ya gama markaɗen tattasai da tarugu. Yara suka ci waful mai yaji suna hawaye. Tun daga nan ake kai shinkafar injin gari busasshe, a fara zuba ɗan tafin hannu ya wanke injin, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi.

Yanayi ma yana da ta cewa. A bazara dare kansa zafi gare shi, yis ya yi gudu, kafin asuba ƙullun ya tashi ya faɗi ya koma tsami. A irin wannan lokaci ana rage yis zuwa kwatan cokali, a kwaɓa da ruwan randa a makare, a ajiye kwanon cikin baho mai ruwa. A hunturu kuma, Disamba da Janairu, akasin haka ne: ruwa mai ɗumi, a lulluɓe kwanon da zane a kai shi ɗaki. Duk macen da ta taɓa kwana da ƙullun masa ta san wannan, ba sai an rubuta mata ba.

Ƙarfen

Kafin a kai ga gyara ƙullu injin ya riga ya ji jiki. Cikinsa shafe yake da baƙin fentin nan da ke hana kamu. Duk lokacin da waful ya manne, ƙanwar maigida takan sa cokali mai yatsu ta ƙwaƙule, ta bi da soson ƙarfe. Fentin ya kakkarce, kamu ya ƙaru, aka ƙara ƙwaƙula. Malamar ta yi tunanin a kwance faranten biyu daga jikin injin a riƙa ɗora su kan gawayi. Wannan ba shi yiwuwa. Fentin yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, yana fitar da hayaƙi marar kyau ga huhu, garwashi kuwa ya wuce nan nesa.

Sai maigida ya kawo shawarar da a fuska ta fi kowace kyau. A kai farantin wajen masu zubin tukwane, su danna shi cikin yashi su fitar da siffarsa, su narka alminiyam su zuba, a sa masa mariƙi. Sun iya, kuma kuɗin kaɗan ne. Mai zubin da aka nuna wa ya ce, “Ranka ya daɗe, wanga ai aikin yini guda na.” Ban goyi bayan wannan ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Masu zubi da tarkacen ƙarfe suke aiki: gwangwanaye, sassan injin mota, lagireto, duk abin da ya narke. A cikin irin wannan tarkace akan samu dalma. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi a Kamaru ya nuna cewa suna sakin dalma cikin abin da aka dafa, kuma abu mai tsami ya fi jawo ta. Ƙullun nan kuwa mai tsami ne, masu cinsa kuma yara ne, waɗanda dalma ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Mutanen wannan yanki ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, kuma yawanta ya fi na tukunya nesa ba kusa ba, ban haɗa su ba. Amma ga yaro babu adadin dalma da likitoci suka ce ba komai. Na san gidaje da yawa da irin waɗannan tukwane suke girki don ba su da zaɓi. A nan akwai zaɓi, kuma waful ba dole ba ne. Araha ba ta ado.

An ɗan jira, sannan wata mai kawo kayan kicin na gwanjo ta samo ƙarfen waful na kan murhu, baƙin ƙarfe mai nauyi, fuska biyu da maƙali a tsakani da mariƙai biyu. Ya zo da tsatsa. Inna ce ta karɓe shi ta yi masa abin da ake yi wa sabuwar tanda: ta goge da toka da soso, ta shanya shi kan wuta, ta shafe da man gyaɗa siriri, ta mayar kan wuta har ya daina hayaƙi, ta maimaita har ya yi baƙi yana sheƙi. Man da ya ƙone haka yana zama fata mai tauri a jikin ƙarfe, ita ke hana kamu. Ba a jiƙa shi a ruwa, ba a barin shi da laima. In an gama a goge da tsumma a shafa mai a rataye.

Gashi da shi yana son hannu. Ana ɗumama fuska biyun, kowace minti uku ko huɗu, har in an yarfa ruwa ɗigon ya yi tsalle. A shafa mai da ɗan tsumma, a zuba ƙullu ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na fuskar, a rufe, a juya nan da nan domin ƙullun ya gangara cikin ramukan ɗaya fuskar. Minti biyu nan, minti biyu can. Babu fitila, tururi ne alama. Muddin yana fita da ƙarfi ta gefe, ciki bai nuna ba, kuma wanda ya buɗe a lokacin shi zai raba waful biyu. In ya ragu a buɗe. Na farko kusan kullum ba ya kyau, na mai tuya ne.

A kan gas abin ya fi sauƙin sarrafawa, wuta matsakaiciya. A kan kurfoti ya fi ƙamshi kuma ya fi araha, amma sai garwashi ya ruru ya kwanta, a baza shi daidai, in ya yi yawa a yayyafa toka. A tsakar gida ake yi, ko da sanyi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warin komai ba.

Sai maganar kula. Al'adar gidan, kamar ta kowane gida, abincin maigida a kula ake sa shi a rufe. Waful mai zafi yana ci gaba da fitar da tururi, in an rufe shi ko an ɗora wani kan wani, tururin ya koma cikinsa, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza cikin minti kaɗan. Yanzu a kan ragar waya ake jera su ɗaya-ɗaya, iska na bi ta ƙasa. Maigida kuma aka roƙe shi ya riƙa fitowa ya ci nasa daga wuta. Wanda ya makara a mayar masa da nasa cikin ƙarfen minti ɗaya.

Abin da ake ci da shi

Ruwan zaƙin da yara ke gani a waya na itacen mapul ne, mafi yawansa daga lardin Kebek na Kanada, kuma sai an dafe kimanin lita 40 na ruwan itacen ake samun lita ɗaya. Shi ya sa yake da tsada. Yawancin kwalaben da ke kantunanmu masu araha ba shi ba ne, ruwan sukarin masara ne da aka sa wa kala da ƙamshi. Malamar ta sayi kwalba ɗaya ba ta sake ba. Mazarƙwaila take narkawa da ruwa kaɗan da ɗan citta, ko ta sa zuma, ko mangwaro a lokacinsa. Na goyen ba a ba shi zumar ko a yatsa. Yaron da bai cika shekara ba zuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya kashewa ba tukuna.

Inna ta yi wani ƙorafi da ya fi na kowa nauyi: abin ba ya riƙe ciki. Ta lura yaran da suka ci waful da zaƙi kafin hantsi ya ɗaga sun fara zagayen ɗakin girki, alhali ranar koko da ƙosai sai azahar. Tana da hujja. Ƙosai wake ne, wake kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa sinadarin gina jiki ne, ga kuma dusa. Waful da ruwan zaƙi sitaci ne aka zuba wa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa, har da zuma, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in ma an iya a tsaya a kashi 5, wato kamar ƙananan cokula shida ga babba. Yaro mai sakin hannu zai iya kwarara haka a faranti guda. Don haka aka ƙayyade: cokali ɗaya na zaƙi ga kowane yaro, uwar ce ke zubawa, kuma sai da dafaffen ƙwai ko dakakken ƙuli a gefe. Ita Inna da miyar taushe take cin nata, maigida ya bi sahunta, ƙanwarsa kuma da yaji da man shanu. Tunda sukarin cikin ƙullun cokali ɗaya ne tak, yana karɓar miya kamar yadda yake karɓar zuma.

Ta fuskar kuɗi, waful bai fi koko da ƙosai sauƙi ba, kuma ba zai taɓa fi ba. Ninkin awon nan yana cin ƙwai huɗu, kofi biyu na kindirmo, da kusan kashi biyu cikin uku na kofin mai. Fulawa kuma da alkamar waje ake yin mafi yawanta, shi ya sa ta bi dala sama tun da aka saki naira a Yunin 2023. Abin da shinkafar ta yi shi ne ta cire rabin fulawar daga lissafi, kindirmo ya maye gurbin madarar gwangwani, gawayi ya maye gurbin fetur. Da haka ya sauko daga abin da ake yi don a burge baƙo zuwa abin da gidan ma'aikaci zai iya yi sau ɗaya a mako.

Maƙwabta da suka ɗanɗana sun matsa mata ta fara sayarwa, ko ta riƙa ba mai kai abinci makaranta. Mun zauna da ita mun duba. Ƙarfe ɗaya, in an haɗa da zubi da cirewa da jiran ya sake zafi, bai wuce guda goma sha biyu a awa ba. Mai masa tana fitar da ninkin haka sau da yawa a wuta ɗaya. Mai saye kuma a leda zai karɓa, kuma abin da ya raba waful da masa, wato ƙaras ɗin fuskarsa, a leda ba ya kai bakin titi. Ta ce a'a ga tallan yau da kullum. Takan karɓi na suna ko walima in masu shi sun yarda ta je da ƙarfenta da kurfotinta ta gasa a gabansu, kuma ta ba mai gwanjon saƙon ƙarfe na biyu, domin da biyu a kan wuta aikin Asabar zai sauko daga awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa kamar minti arba'in.